Shaidar da ake saya da kuɗi: yadda taurari da masu faɗa a ji ke zaɓa mana abin saye

Ka ɗauki mutumin da ke son sayen abin cajin waya ko takalmi ko man shafawa ta intanet. Kaya biyu ne a gabansa, kusan iri ɗaya, farashinsu ma bai yi nisa da juna ba. Ɗaya yana da taurari huɗu da rabi, mutum dubu uku suka ba shi maki. Ɗayan taurari huɗu gare shi, masu sharhi a kansa ba su wuce arba'in ba. Kafin ya gama karanta bayanin da kamfani ya rubuta, zuciyarsa ta riga ta karkata. In kuma an yi dace daren jiya ya ga wata da yake bi a TikTok tana riƙe da na farkon tana cewa ita ba ta rabuwa da shi, to magana ta ƙare. Da za ka tambaye shi dalilin zaɓinsa, zai ce maka ya bincika. Gaskiyarsa ne, ya bincika. Sai dai shaidar wasu ya bincika a kan kayan, kuma ko ɗaya daga cikin masu shaidar bai sani ba.

Ban ga laifinsa ba. Ciniki ta intanet cinikin biri a sama ne tun asali: ba ka taɓa ba, ba ka gwada ba, ba ka ga idon mai kaya ba. Wani masanin tattalin arziki ɗan Amurka, George Akerlof, ya yi bayanin wannan matsala tun 1970, da misalin kasuwar tsofaffin motoci. Mai sayarwa ya san lafiyar motarsa, mai saye bai sani ba. Saboda tsoron kada a ɗora masa ruɓaɓɓiya, mai saye ba zai taya da tsada ba. Mai mota ta gari kuwa ba zai sallama da arha ba, sai ya janye. A hankali kasuwa ta koma ta masu ruɓaɓɓun motoci. Wannan tunani na cikin abin da ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 2001. Duk kasuwar da mai saye ba ya iya tantance kaya kafin ya biya, tana buƙatar wani na uku da zai ce na gani, na gwada, ga yadda yake. A intanet, mutum biyu ne suka hau wannan kujera: taron masu sharhi da ba a san fuskarsu ba, da kuma mai faɗa a ji, wato mai ɗimbin mabiya a kafafen sada zumunta, wanda aka san fuskarsa har fiye da ta maƙwabci.

Abin da ya sa shawarar aboki ke da daraja shi ne ba ya cin komai a cinikin, kuma in ya kai ka ya baro zai ji kunyarka gobe. Da wannan ma'auni nake auna duk wani mai ba da shaida: me zai samu in na saya, me kuma zai rasa in maganarsa ta zama ƙarya? Kusan duk rikicin da ke cikin wannan harka yana komawa ga amsar waɗannan tambayoyi biyu.

Mu fara da taurari. Lokacin da Amazon ya fara barin masu saye su rubuta ra'ayinsu a kan littattafai a 1995, wasu masu buga littattafai sun yi ƙorafi, suna ganin mai shago ba zai bar a kushe hajarsa a cikin shagonsa ba. Amma lissafin kamfanin ya fi nasu nisa. Wanda aka taimaka masa ya kauce wa mugun kaya zai dawo ya sayi wani. Yau da wuya ka ga shafin ciniki, ko na otal, ko na motar haya, da babu taurari a jiki.

Kuma suna aiki, har ana iya auna aikin da kuɗi. Michael Luca na Jami'ar Harvard ya haɗa makin gidajen abinci na birnin Seattle a shafin Yelp da bayanan harajin da suka biya wa jihar Washington. Ya yi amfani da wata dabara mai kyau: shafin yana cike maki zuwa rabin tauraro mafi kusa, don haka gidaje biyu da kusan babu bambanci tsakaninsu za a iya nuna ɗaya da taurari uku, ɗayan da uku da rabi. Ya gano cewa ƙarin tauraro ɗaya yana ƙara kuɗin shiga da kashi 5 zuwa 9 cikin ɗari. Abin da ya fi jan hankalina a binciken shi ne wannan tasiri bai shafi manyan kamfanoni masu rassa ba, ƙananan masu zaman kansu ya shafa. Wanda sunansa ya riga ya yi tambari ba ya buƙatar shaida. Ƙaramin da ba a sani ba, shi ne sharhi ke ɗagawa ko ya kayar. Wannan alheri ne na gaske da tsarin ya kawo, bai kamata a manta da shi ba: mai sana'a ta gari wanda ba shi da kuɗin talla ya sami hanyar da aikinsa zai yi masa magana.

To amma makin da muke gani, shin ingancin kaya yake aunawa? A nan ne ƙura take. A 2016 wasu masana uku na Jami'ar Colorado suka kwatanta taurarin Amazon da sakamakon gwajin da ƙungiyar Consumer Reports ke yi a ɗakunan gwaji, a kan kaya 1,272 daga rukuni 120. Suka ga in ka ɗauki kaya biyu, wanda ya fi taurari yakan fi inganci a gwaji sau 57 ne kawai cikin ɗari. Wanda ya rufe ido ya zaɓa zai dace sau 50. Sun kuma lura cewa kaya masu tsada da masu babban suna sun fi samun maki, ko da ingancinsu bai fi na sauran ba. Wanda ya kashe kuɗi mai yawa yana son ya gamsar da kansa cewa bai yi asara ba.

Dalilan wannan giɓi ba ɓoyayyu ba ne. Na farko, ba kowa ke rubuta sharhi ba. Wanda ya ji daɗi ƙwarai yakan rubuta, wanda ransa ya ɓaci ƙwarai yakan rubuta, mafi yawan mutane da abin ya yi musu daidai wa daida sukan yi shiru. Shi ya sa za ka ga taurari biyar tuli, tauraro ɗaya 'yan kaɗan, tsakiya kuma kusan wayam. Sannan wanda ya saya tun farko mai sha'awar kayan ne, wanda bai ga alamar zai so ba ai bai saya ba balle ya yi magana. Ga kuma lokaci. Yawancin sharhi ana rubuta shi ne a makon farko, ana cikin ɗokin sabon abu, alhali batirin da zai mutu sai bayan wata takwas zai nuna halinsa. Mai sharhi yana iya gaya maka launi ya yi kyau, kaya sun iso da wuri. Ba zai iya gaya maka ko kujerar jariri ta mota za ta kare yaro a haɗari ba, domin bai yi haɗarin ba, Allah ya kiyaye.

Akwai kuma kunya. Inda mai saye da mai sayarwa suka haɗu ido da ido, kamar masaukin haya ko direban mota, mutane ba sa son ba da maki kaɗan. Wani bincike na Jami'ar Boston a 2015 ya nuna kusan kashi 95 cikin ɗari na masaukan Airbnb suna da taurari huɗu da rabi ko biyar. In kowa ya ci jarrabawa da maki mafi girma, jarrabawar ta daina bambance kowa da kowa.

Sai babban lamarin, wato yadda muke bin juna. A 2013 mujallar Science ta buga sakamakon wani gwaji da Lev Muchnik da Sinan Aral da Sean Taylor suka yi a wani shafin labarai, a kan ra'ayoyi fiye da 100,000. Da zarar an wallafa ra'ayi, sai su ba wasu ƙuri'ar yabo guda ɗaya ba tare da duba abin da ke ciki ba, wasu su ba su ta kushe, wasu su bar su haka. Wannan ƙuri'a ɗaya tal ta yabo ta ƙara yiwuwar mai zuwa na gaba ya yaba da kashi 32 cikin ɗari, kuma bayan watanni makin ƙarshe ya ɗara na sauran da kashi 25. Ƙuri'ar kushe ba ta yi irin wannan tasiri ba, domin mutane sukan zo su gyara in suka ga an zalunci abu. Yabon ƙarya ne ba mai gyarawa. Inda baki ya karkata nan yawu ke zuba, kuma duk ɗan kasuwar da ya fahimci haka ya san cewa sharhi ashirin na farko sun fi dubun da za su biyo baya muhimmanci. Daga nan zuwa sayen waɗannan ashirin ɗin taku ɗaya ne.

Ana sayensu kuwa, kuma harkar tana da tsari. Ana buɗe zauruka a Facebook da makamantansa, mai kaya ya sa hoton hajarsa. Mutum ya saya da kuɗinsa ta hanyar da kowa ke saye, ya ba da taurari biyar har da hoto, ya tura shaidar ya yi, a mayar masa da kuɗinsa ta bayan fage, wani lokaci da ɗan ƙari. Tun da ya saya da gaske, shafin zai manna masa alamar tabbataccen mai saye, alamar da aka ƙirƙira don maganin ƙarya. Masu binciken da suka bi diddigin irin waɗannan kaya sun ga cewa da zarar an daina sayen sharhi, maki yakan faɗi, masu ba da tauraro ɗaya su yawaita. Waɗannan su ne mutanen da aka ruɗa suka saya. A watan Yulin 2022 Amazon ya kai ƙarar masu kula da zaurukan Facebook fiye da 10,000 a kan wannan sana'a, kuma kamfanin da bakinsa ya ce ya tare sharhi fiye da miliyan 200 da yake zargin na bogi ne a wannan shekarar kaɗai.

Labarin da ya fi fito da raunin tsarin fili ya faru ne a Landan a 2017. Wani marubuci, Oobah Butler, wanda a da ake biyansa yana rubuta wa gidajen abinci sharhin ƙarya, ya yi wa rumfar bayan gidansa rajista a TripAdvisor a matsayin gidan abinci. Babu abinci, babu kuku, babu tebur. Abokansa suka yi ta zuba yabo, duk wanda ya buga waya yana neman wuri a ce masa an cika har makonni. Cikin kusan wata shida rumfar ta zama ta ɗaya a jerin gidajen abinci kusan 18,000 na birnin. Mutane sun yi ta roƙon a ba su kujera a wurin da bai taɓa ciyar da kowa ba.

Wata hanyar ba ta buƙatar ƙirƙirar komai, ɓoyewa kawai ake yi. A 2022 kamfanin tufafi Fashion Nova ya amince ya biya dala miliyan 4.2 bayan hukumar kula da harkokin ciniki ta Amurka, FTC, ta zarge shi da riƙe sharhin da bai kai taurari huɗu ba tsawon shekaru, yana sakin na yabo kaɗai. Kowane sharhi da ke shafin na iya zama na gaskiya, amma hoton da suka haɗu suka bayar ƙarya ne. Haka yake ga duk mai sayar da kaya da ke ɗauko hoton saƙonnin godiya na abokan cinikinsa yana wallafawa. Shi ya zaɓi wanda za ka gani.

Mai faɗa a ji kuma ta wata ƙofa yake shigowa. Taurari suna cin mu da yawa, shi da kusanci yake cin mu. Abin ba sabo ba ne. Tun a shekarun 1940 Paul Lazarsfeld da abokan aikinsa suka yi hira da mata kusan 800 a garin Decatur na jihar Illinois, suka gano cewa wajen sayayya da ado, maganar wata da suka sani ta fi tallar jarida da rediyo tasiri a kansu. A 1956 kuma Donald Horton da Richard Wohl suka bayyana wata irin alaƙa da suka lura tana ƙulluwa tsakanin mai kallon talabijin da mai gabatar da shiri: kana jin ka san shi, kana jin abokinka ne, shi kuwa bai san da zamanka ba. Wayar hannu ta haɗa waɗannan abubuwa biyu wuri ɗaya. Wadda kake bi ta nuna maka ɗakinta, ta gaya maka ranar da ba ta da lafiya, ka ga 'ya'yanta suna girma, wata rana ma ta amsa maka magana. Shekara biyu kana tare da ita kullum. Ranar da ta ɗaga kwalba ta ce wannan ne ya gyara mata fata, kunnenka ba talla yake ji ba, shawarar 'yar uwa yake ji.

Wannan kusancin shi ne hajar da ake sayarwa kamfanoni. Shi ya sa sukan nemi masu mabiya kaɗan, dubu goma ko ashirin, domin mabiyansu sun fi jin su a jiki kuma ba su da tsada. Hanyoyin biya suna da yawa. Akwai kuɗi a dunƙule kan kowane bidiyo. Akwai kyautar kaya ko tafiya ko kwanan otal. Akwai lambar rangwame mai ɗauke da sunan mutum, wadda mai saye ke ganin alfarma aka yi masa, alhali da ita kamfani ke ƙirga mutum nawa aka kawo masa don ya biya la'ada. A wannan tsari na ƙarshe mai faɗa a ji dillali ne sak, sai ka saya zai ci. Dillanci sana'a ce halattacciya, ba na ƙyamarta. Amma dillalin da ka san dillali ne kana sauraronsa da rabin kunne, ka san inda ribarsa take. Matsalar ita ce dillalin da ya zo maka a rigar aboki.

Ko kyautar da ba a gindaya mata sharaɗi ba tana da nata igiyar. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wanda aka aiko wa kaya kyauta ya san in ya kushe ba za a sake aikowa ba, sauran kamfanoni ma suna kallo. Ba sai ya yi ƙarya ba. Ya isa ya faɗi abin da ya burge shi ya yi shiru a kan sauran, ko ya gwada na kwana biyu ya yi magana kamar ya shekara da shi.

Ƙarfin abin ya bayyana tun 2015, lokacin da kamfanin Lord & Taylor na Amurka ya ba mata 50 masu tashe a Instagram riga iri ɗaya, ya biya kowace tsakanin dala 1,000 da 4,000 su sa ta a ƙarshen mako guda. Hotunan sun kai ga mutum miliyan 11.4, rigar ta ƙare a kasuwa nan da nan, kuma babu wadda ta ce biyanta aka yi. Mai kallo ya ga riga ɗaya a jikin mata daban-daban ya ɗauka yayi ne ya taso da kansa. Bayan shekara biyu aka yi bikin waƙa na Fyre a tsibiran Bahamas, wanda fitattun masu tallar kayan ƙawa suka yayata. Mutane suka biya dubban daloli, suka isa suka tarar da tantuna da jiƙaƙƙun katifu. An ɗaure wanda ya shirya shi, Billy McFarland, shekara shida. Su kuwa masu yayatawar, yawancinsu ko kusa da wurin ba su je ba ranar da abin ya rushe.

Inda abin ya fi ciwo shi ne harkar kuɗi da lafiya, domin a nan kuskure ba ya gyaruwa da mayar da kaya. A 2021 Kim Kardashian ta tallata wani kuɗin kirifto mai suna EthereumMax ga mabiyanta na Instagram. Ta sa alamar cewa talla ce, amma ba ta faɗi cewa dala 250,000 aka biya ta ba, alhali dokar hannayen jari ta Amurka ta wajabta faɗin adadin. A Oktoban 2022 ta amince ta biya dala miliyan 1.26. Ita wannan kuɗi bai girgiza ta ba. Wanda ya zuba ajiyarsa saboda ya ga fuskar da ya yarda da ita, shi ne ya kwana a ciki. Haka lamarin yake ga magungunan rage ƙiba da na gyaran fata da na ƙarin kuzari: mai tallar ba likita ba ne, bai san jikinka ba, kuma ba ya nan ranar da ƙoda za ta amsa.

A Chaina an kai harkar wani mataki, inda ake ciniki kai-tsaye ta bidiyo. Li Jiaqi ya yi suna da sayar da jan baki 15,000 cikin minti biyar. A irin wannan shiri an toshe ratar da ke tsakanin sha'awa da biya. Ana ƙirga sauran kaya a gabanka, rangwame zai ƙare cikin daƙiƙoƙi, sunayen masu saye suna ta wucewa a allo, maɓallin biya yana ƙarƙashin yatsanka. Daren da mutum kan kwana yana tunani kafin ya saya, shi aka cire. Amma labarin Li ya nuna ɗaya gefen ma. A Satumban 2023 wata mai kallo ta ce fensirin gira na yuan 79 ya yi tsada, sai ya mayar mata da cewa ta duba kanta ko tana aiki tuƙuru, ko albashinta ya ƙaru cikin shekarun nan. Cikin kwanaki mabiya fiye da miliyan suka bar shi, ya fito yana kuka yana neman gafara. Mutane sun ɗauke shi nasu ne, mai tsaya musu a gaban kamfanoni, sai jimla ɗaya ta nuna musu gefen da yake tsaye.

Wannan ne ya sa ba na sa mai faɗa a ji da mai sharhin bogi a kwando ɗaya. Mai sharhin bogi ba shi da abin rasawa, in an rufe asusunsa ya buɗe wani. Mai faɗa a ji yana da suna, kuma sunan ne jarinsa. Akwai waɗanda suka gane haka, suna sayen kaya da kuɗinsu, suna gwadawa wata da watanni, suna faɗin aibu ko da kamfani zai yi fushi. Irin waɗannan suna yi wa mai saye aikin da babu wanda ke yi masa. Sai dai hukuncin da mabiya ke yankewa yana zuwa a makare, bayan dubbai sun riga sun saya. Kuma manhajar da ke zaɓo wa mutum abin da zai gani ba ta san gaskiya ba, abin da ke tsayar da yatsa take ɗagawa. Bidiyon da ya ce wannan abu ya canza rayuwata zai yi nisan da wanda ya ce yana da kyau amma bai kai kuɗinsa ba ba zai yi ba. Ko salon da aka yi yayinsa a 2023 na fitowa a ce kada ku sayi kaza, sau da yawa yakan ƙare da ga wanda za ku saya a madadinsa, da lambar rangwame a ƙasa.

Hukumomi sun farka, ko da yake a makare. Faransa ta yi doka ta musamman a Yunin 2023 wadda ta wajabta bayyana talla a fili, ta wajabta faɗi in an gyara hoton jiki ko fuska, ta hana tallar tiyatar kwalliya, da hukuncin da zai iya kai wa ɗaurin shekara biyu da tarar yuro 300,000. A Amurka, ƙa'idar FTC da ta fara aiki a Oktoban 2024 ta haramta saye da sayar da sharhin bogi da mabiyan bogi, da tarar da a lokacin ta kai dala 51,744 kan kowane laifi. Birtaniya ta bi sahu a Afrilun 2025, inda tara za ta iya kai kashi 10 cikin ɗari na cinikin kamfani a duniya. Amma rubuta doka daban, bin ta daban. Da Hukumar Tarayyar Turai ta duba masu faɗa a ji 576, ta sanar a Fabrairun 2024 cewa kashi 97 cikin ɗari suna wallafa abin da ya shafi kasuwanci, amma ɗaya cikin biyar ne kawai ke bayyana haka a kowane lokaci. Mai kaya yana wata ƙasa, mai talla yana wata, mai saye yana ta uku. Kuma ni ina ganin kalmar talla da aka maƙale a ƙasan rubutu ba ta warware komai sosai ba, domin wanda ya shekara yana ƙaunar mutum ba kalma ɗaya ce za ta sa ya fara zarginsa ba.

Ni dai ga yadda nake yi in zan sayi abin da kuɗinsa zai dame ni. Ba na fara karanta masu taurari biyar, ba na kuma tsayawa kan masu tauraro ɗaya, domin da yawansu fushin jinkirin isowar kaya ne. Masu biyu da uku nake nema, su ne suka fi faɗin ga abin da ya yi, ga wanda bai yi ba. In mutum biyar da ba su san juna ba suka ambaci aibu iri ɗaya, na yarda akwai shi. Ina duba kwanan wata: yabo ɗari da suka sauka cikin mako guda sannan aka yi tsit, alama ce. Ina duba ko sharhin ma a kan wannan kayan yake, domin akan ɗauki shafin tsohon kaya mai maki a sauya masa haja, ka ga ana yabon safa a ƙarƙashin abin cajin waya. Game da mai faɗa a ji kuwa, ina komawa baya in ga ko ya taɓa kushe wani abu, in kuma ga ko abin da ya rantse da shi wata shida da suka wuce yana hannunsa har yau. Sannan in bar abin ya kwana. Yawancin abin da na ji ba zan iya rayuwa babu shi ba da dare, da safe ba na ma tuna sunansa.

Waɗannan dabaru suna da iyaka, kuma iyakar tana matsowa. A da akan gane sharhin bogi da gurguwar jimla da maimaita kalmomi. Yanzu ƙirƙirarriyar basira tana rubuta ɗari cikin minti guda, kowanne da salonsa, har da ɗan ƙorafi a ciki don ya yi kama da na gaske, abin da ya sa ƙa'idar FTC ta ambace shi da suna. Akwai masu faɗa a ji da ba mutane ba ne sam, kamar Lil Miquela da aka ƙirƙira da kwamfuta a 2016, mai mabiya miliyoyi, tana tallar tufafin da ba ta da jikin sawa. Tun Agustan 2023 kuma Amazon ya fara sa na'ura ta karanta sharhin masu saye ta taƙaita shi a 'yan layuka a saman shafi, don mai gaggawa ya huta da karatu. Mai saye da yawa a wannan taƙaitawar zai tsaya, ba zai gangara ƙasa ya ga kwanan wata ko masu taurari uku ba, kuma na'urar da ta taƙaita ba ta taɓa kayan ba, kamar yadda wasu daga cikin waɗanda ta taƙaita maganarsu ba su taɓa shi ba.